Tsohon Doki Sai Mai Shi: Cinikin Gyararriyar Buɗaɗɗiyar Motar Ingila a Basawa

A ƙasar nan mota ba ta bukatar allon talla kafin a san ta kasuwa ce. Da ka ga an ajiye ta a bakin titi, an wanke ta fes, an ɗora mata galan a ka, ka san ko mai ita ya gaji da ita ko bukata ta taso masa. To, mu ƙaddara wata safiya ka biyo hanyar Basawa, sai ka yi kiciɓis da wata 'yar gajeruwar mota ja, wadda da kyar ta kai wa mutum ƙirji. Kujerunta biyu rak, ƙafafunta na da wayoyi kamar na keke, ba ta ma da rufin ƙarfen da za a ɗora wa galan, sai a kan bonet aka ajiye shi. Kafin ka gama zagaya ta dillali ya iso yana murmushi: "Alhaji, wannan ba irin waɗanda ka saba gani ba ce. 'Yar Ingila ce, tun ta zamanin Sardauna, kuma an gyara ta tsaf, ta koma sabuwa dal."

Magana uku dillalin ya faɗa a numfashi ɗaya. Asalinta da shekarunta ana iya gano su cikin minti biyar daga ɗan farantin lambar da ke manne a jikinta. Ta ukun ce mai wuyar sha'ani, kuma a nan kuɗin yake kwance. "An gyara" na iya nufin aikin shekara biyu na ƙwararrun hannaye, yana kuma iya nufin aikin kwana huɗu da gwangwanin fenti biyu. Wanda bai san bambancinsu ba, cinikin biri a sama zai yi ko da motar na gabansa yana shafa ta.

Wace irin mota ce wannan?

Ba a ƙera ta don kai iyali biki ba, ba kuma don ɗauko buhun masara daga kasuwar Giwa ba. Motar nishaɗi ce, ta mutum biyu da 'yar jakarsu. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya in gari ya yi daɗi, a ja shi in hadari ya taso.

Talauci ne ya ɗaukaka ta. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Ingila ta wayi gari da bashi har wuya, tana neman dalar Amurka ido rufe. Gwamnati ta riƙe rabon ƙarfe a hannunta, ta fi ba masana'antar da ke sayar da kayanta a waje. Kamfanin MG, da ke wani ƙaramin gari mai suna Abingdon kusa da Oxford, ya dace da wannan dama, domin Amurkawa sun ƙyalla ido a kan 'yan motocinsa. Daga 1945 zuwa 1949 ya ƙera samfurin TC guda 10,000. A 1955 ya fito da MGA, aka yi sama da 100,000. Sauran kamfanoni suka biyo sawu: Austin-Healey, Triumph, Sunbeam, sai kuma Jaguar, wadda ta girgiza bajekolin motoci na birnin Janeba a 1961 da samfurinta E-Type.

Shekarar 1962 ce ta fi shafar mu. A cikinta aka fito da MGB da kuma Triumph Spitfire, a cikinta kuma, ranar 4 ga Oktoba, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ƙofarta a Samaru. Ke nan MGB ta farko sa'ar jami'ar ce. An sayar da ita a Ingila a kan kuɗin da bai cika fam 1,000 ba, lokacin da fam ɗinmu da nasu kai ɗaya suke. Injinta silinda huɗu ne, mai ƙarfin doki 95, kuma in an taka ta iyakar takawa tana ɗan wuce kilomita 160 a sa'a. A yau kowace Corolla ta 'yan haya za ta bar ta a baya. Daɗinta a wani wuri yake: kana zaune dab da ƙasa, iska na kaɗa ka, kana jin kukan inji da kowane motsin taya a tafin hannunka, sai tafiyar kilomita 70 ta zama kamar sukuwa.

An ƙera MGB sama da rabin miliyan cikin shekara 18, Spitfire kuma sama da 300,000, mafi yawansu suka tafi ƙasashen waje, musamman Amurka. Daga baya al'amura suka rikice. A 1968 aka cure kamfanonin wuri guda ƙarƙashin British Leyland, yajin aiki da sakaci suka yi masa katutu, har gwamnati ta karɓe shi a 1975. Amurka kuma ta tsaurara dokokin hayaƙi da na kariya daga haɗari, dole a 1974 aka cire wa MGB bambarta ta ƙarfe mai sheƙi, aka maƙala mata baƙa ta roba, aka ɗaga tsayinta, ƙarfinta ya ragu. A watan Oktoba na 1980 aka rufe masana'antar Abingdon. Sunan MG kansa ya koma hannun 'yan ƙasar Sin tun 2005, saboda haka sababbin MG da ake gani a titunanmu suna kawai suka gada. Japanawa ne suka ɗauki dabarar, suka fito da Mazda MX-5 a 1989, suka sayar da sama da miliyan guda.

Wannan tarihi makami ne a hannun mai saye. Sardauna ya rasu a Janairun 1966. In dillali ya rantse motar ta zamaninsa ce, kai kuma ka ga baƙar bambar roba, ka san ya ƙara mata aƙalla shekara takwas.

Me ya hana ta yin gindin zama a nan?

Sabon Garin Zariya ɗan jirgin ƙasa ne. Tun da dogo ya ratso ta nan zuwa Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, har yau ga unguwar PZ tana ɗauke da sunan ɗayansu. Samaru ta tashi da aikin binciken noma tun shekarun 1920, jami'a ta zo ta cika ta da malamai daga Ingila da sauran ƙasashe. Barikokin soja da makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan, wadda aka kafa a 1964, suka ƙara yawan masu albashin sayen mota. A wancan zamani motar Ingila ce ke mulkin hanya: Ostin, Moris, Landiroba ta ma'aikatan gona da na En'e, da Bilhodi mai ɗaukar gyaɗa da auduga.

Amma 'yar buɗaɗɗiyar ba ta taɓa yawa ba, kuma dalilin a fili yake. Bahaushen da ya samu bashin mota daga gwamnati yana da iyali, yana da ƙauyen da zai je ranar Juma'a, yana da 'yan'uwan da za su ce a rage musu hanya. Mota mai kujera biyu a wurinsa rowa ce da aka sa wa taya. Ga rana, ga ƙura. A ƙasar da ake marmarin rana ne buɗaɗɗen sama ke zama gata. A ƙasar da ake neman inuwa, mai hankali rufi yake saye. Buɗaɗɗiyar mota a idonmu ta sarki ce ko shugaba, ya tsaya a ciki yana ɗaga wa jama'a hannu.

Sai abubuwa uku suka zo suka ƙarasa motar Ingila baki ɗaya. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, duk motar da sitiyarinta ke dama ta zama baƙuwa a kan hanyarta. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo 504 a Kaduna, nan kusa da mu, ta kuwa nuna ita ce ta san ramukanmu. Daga 1986, da darajar Naira ta fara zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ta gwanjo, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam, yawancinsu na Japan da Jamus. Masu sayar da kayan gyara suka bi inda ciniki yake. Tsohuwar 'yar Ingila da ta rasa ɗan ƙaramin ƙarfe guda sai a ɗora ta a kan duwatsu a bayan gida, a ce sai an samo. Ba a samowa.

Gyara suna ya tara

Aikin da ake yi wa tsohuwar mota hawa uku ne, kuma duk sunansu gyara a bakin dillali.

Na ƙasa shi ne kwaskwarima. A cike ramukan tsatsa da fila, a goge, a fesa fenti, a ɗinka sabon kushin, a wanke inji da kananzir har ya yi ƙyalli. Motar za ta yi kyau a hoto, ta yi kyau wata shida, sannan fenti ya fara kumbura kamar ƙurji.

Na tsakiya shi ne gyaran tafiya. An duba birki, an gyara kuloci da giya, an wanke lagireto, an sauya tayoyi da wayoyin da suka ruɓe. Jikinta na iya nuna tsufa, amma za ta kai ka Kaduna ta dawo da kai. Wannan aiki ne na mutunci, muddin an kira shi da sunansa.

Na sama shi ne sabuntawa daga tushe. A kwance motar ƙusa-ƙusa har ta zama ƙwarangwal, a kankare fenti sai an ga farin ƙarfe, a yanke duk inda ya ci tsatsa a yi waldar sabon ƙarfe, a farke inji a auna komai, sannan a mayar da kowane abu yadda ya fito daga masana'anta. Aikin watanni ne masu yawa, wani lokaci shekaru.

Ta yaya mai saye zai gane hawan da yake kai? Ya fara da ƙasa, ya bar sama. MGB ba ta da shasi dabam irin na Landiroba. Jikinta shi ne ƙashin bayanta. Tun da kuma ba ta da rufin ƙarfen da zai riƙe ta, kusan duk nauyin yana kan dogayen ƙarafan da ke kwance ƙarƙashin ƙofofi. Nan ne tsatsa ke fara ci, daga ciki zuwa waje, inda ido ba ya kaiwa. In suka ruɓe, motar takan lanƙwashe a tsakiya kamar tsohon jaki. Alamar ita ce ƙofa: ka dubi tazarar da ke tsakaninta da jiki, in ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, ko ƙofar na cijewa wajen rufewa, akwai magana. Ka ɗaga kafet ka ga daɓen. Ka zo da ɗan mayen ƙarfe ka bi gefen jiki da shi ta ƙasa. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa. Ka kwanta ƙasa da tocila, ko da babbar riga ce a jikinka. Mai sayen doki ba ya jin kunyar buɗe masa baki ya ga haƙora.

Sannan inji. Ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, domin inji mai ciwo a sanyin safiya yake tona kansa. Shuɗin hayaƙi na nufin yana shan baƙin mai. Allurar da ke nuna ƙarfin bugun mai, in ta faɗi ƙasa bayan inji ya ɗauki zafi, ciki ya gaji. Ka kuma tabbatar injin nata ne. Kanikawanmu na da wata dabara ta ceton rai: in tsohon inji ya gagara, a tumɓuke shi a dasa na Toyota ko Nissan. Motar za ta tashi kullum ba gardama, amma a wurin masu tara tsofaffin motoci darajarta ta faɗi warwas. Babu laifi a yi hakan, laifin a ɓoye.

MGB na da wasu halaye da ke rikita wanda bai saba ba. Notocinta da ma'aunin inci aka yi su, sifanar milimita da ke hannun yaran gareji sai ta cinye musu kai. Kafiretonta biyu ne, dole a daidaita numfashinsu ya zo ɗaya, har da ɗan man da ake ɗiga musu a ka. Na farkon suna da batir biyu masu ƙarfin bolt shida-shida a ɓoye bayan kujeru, kuma waɗanda aka yi kafin ƙarshen 1967 an haɗa wutarsu a juye da yadda aka saba yau. Rewayan da bai sani ba, yana ɗaura sabuwar rediyo zai ƙone ta. Kayan wutarta kuwa na kamfanin Lucas ne, wanda Turawan da kansu sarkin duhu suke masa laƙabi, saboda yawan mutuwar fitila a tsakar dare. Ƙari a kan haka, an ƙera injin ne don fetur mai darma, wanda aka daina sayarwa tuntuni, saboda haka mai gyaran kirki yakan sa a ƙarfafa mazaunin bawul.

Abin mamaki, kayan gyaranta ba su ɓace daga duniya ba. Saboda yawan masu sha'awarta, kusan kowane ƙarfe nata ana ƙera sabonsa har gobe. Tun 1988 ma wani kamfani, British Motor Heritage, ya farfaɗo da ainihin injinan buga jikin MGB, yana sayar da sabon gangar jiki sukutum. Sai dai ba za ka same su a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ba, balle shagunan Sabon Gari. Da fam za ka saya, ka biya jirgi, ka biya kwastan, ka jira. Nan kuma wata tambaya ke tasowa: in jiki sabo ne, inji an sauya, kujeru sababbi, me ya rage na asalinta? Kamar fartanyar gado ce da aka sauya wa ƙota sau uku, aka sauya ruwa sau biyu, ana ta cewa ta kaka ce.

Amsar da masu wannan harka suka tsayar ita ce shaida. Gyaran gaskiya yakan zo da tarin hotuna na kowane mataki da rasiɗan kowane abin da aka saya. Wanda ya kashe dukiya ya kankare mota har ƙarfe ba ya mantawa ya ɗauki hoto. In aka ce maka an yi aikin amma babu hoto ko ɗaya, ka ɗauka kwaskwarima ce, ka yi tayi a kan haka. Addini ma ya riga ya yanke hukunci: ɓoye aibin haja haramun ne, kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka rufe masa. Fila a ƙarƙashin fenti ba ta da maraba da jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan buhu.

Takarda kafin mabuɗi

Gefen da sitiyari yake labari ne mai zaman kansa. In yana dama, ko dai motar ta shigo tun kafin 1972, ko ta biyo wata hanya da ke bukatar bayani, domin dokokin hanya na ƙasar nan ba su yarda da mota mai sitiyari a dama ba, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha yin gargaɗi a kai. In yana hagu, wataƙila daga Amurka ta fito, wanda shi ne ya fi yawa, ko kuwa juya shi aka yi. Juyin da aka yi da kayan asali ba shi da illa. Wanda aka yi da yanka da walda a bakin titi, rai ake wasa da shi.

Sai batun shigowa. Jerin kayan da kwastan ta haramta ya haɗa da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, kuma a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Mota mai shekara 50 ko 60 da aka ce ba ta daɗe da sauka ba, dole a tambayi ta ina ta bi, da izinin wa. Wadda ta tsufa a cikin ƙasa, da tsofaffin takardunta da jerin waɗanda suka mallake ta, ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Lambar jiki da ta inji su dace da abin da ke rubuce. Mai son ƙarin tabbaci na iya aika lambar zuwa gidan tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon, inda aka adana littattafan masana'antun. Za su ba shi takardar da ke nuna ranar da aka ƙera motar, da launinta na asali, da inda aka aika ta. Jar mota da takarda ta ce fara aka haife ta, ka ga an fara samun abin tattaunawa da dillali.

Za ta iya da Zariya?

Ta wani fannin, ƙasarmu gata ce gare ta. Abin da ke kashe irin waɗannan motoci a Ingila shi ne danshi da gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Shi ya sa Turawan ke bin sawun waɗanda suka tsufa a busassun wurare irin su Kalifoniya, suna sayowa suna mayarwa gida. Motar da ta shekara 40 a cikin rumfa a Samaru na iya fin 'yar'uwarta ta Landan lafiyar ƙarfe.

Amma abin da tsatsa ta bari, rana na ci. Zafin Maris da Afrilu na busar da roba, ya farfasa kushin, ya cinye tamfol, kuma lagireton da aka auna da sanyin Turai yakan tafasa in aka tsaya cunkoson Kwangila da azahar. Ƙurar hunturu na shiga kafireto, ta shiga idon direba. Damina kuma, daga Mayu zuwa Oktoba, za ta nuna maka cewa rufin tamfol laima ce kawai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsakanin cikinta da ƙasa bai fi tsawon tafin hannu ba, ga tudun rage gudu a kowace unguwa, ga ramuka. Uwa uba, babu jakar iska, babu ƙarfe a kanka, kana tafe kanka daidai da tayar tirelar da ta fito daga Kano za ta Legas. Motar yammacin Asabar ce, a zaga cikin jami'a ko a miƙa hanyar Shika a dawo kafin magariba. Wanda ya mai da ita motar zuwa aiki zai tsane ta cikin wata guda.

Jari ce ko sha'awa?

Dillali zai ce maka irin wannan kuɗinta hawa yake yi kullum. Gaskiyar ta tsaya ga 'yan ƙalilan, irin su E-Type da manyan Austin-Healey, waɗanda ba su da yawa kuma attajiran duniya ke rububinsu. MGB da Spitfire na talakan Turai ne, suna nan birjik, kuma sanannen abu ne a tsakanin masu harkar cewa kuɗin sabunta su daga tushe yakan zarce abin da za a saye su. Shi ya sa suke cewa mai wayo ya sayi wadda wani ya riga ya gyara. A nan gida kuma masu neman irinta ba su taka kara sun karya ba. Ranar da ka so sayarwa, kana iya shekara galan na kan bonet.

Saura tambayar da mai karatu ke riƙe da ita tun farko: a wannan marra, da fetur ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafi a Mayun 2023, da mutane ke lissafin kwanon masara, ba almubazzaranci ba ne? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a kawar da ita da murmushi. Wanda ke da haƙƙin iyali ko bashi a kansa, ba shi da hurumin wannan ciniki. Amma mu mutanen Zazzau mun san wani abu makamancinsa. Mai doki na ciyar da shi dawa da harawa shekara guda cur, ya biya mai kula da shi, ya sayi sirdi da kayan ado, don hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe. Ba wanda ke tambayarsa ribar da ya ci. An san yana riƙe da wani abu ne da in kowa ya saki zai ɓace, kuma a bayansa akwai baduku da maƙeri da mai yankan ciyawa da ke cin abinci. Tsohuwar mota dokin ƙarfe ce. In an saye ta da halal, an san ba jari ba ce, hukuncinta bai wuce na dokin ba.

Namu tsofaffin fa?

A nan ne zancen ya dawo gida. Ingila ta yafe wa motar da ta kai shekara 40 harajin hanya, don a ƙarfafa masu adana ta. Duk watan Nuwamba motocin da aka ƙera kafin 1905 na yin jerin gwano daga Landan zuwa Brighton. A Kyuba, takunkumi ya tilasta wa kanikawa raya motocin Amurka na shekarun 1950, yau su ne ke jawo 'yan yawon buɗe ido. A Nairobi ana bajekolin tsofaffin motoci ana ba da kyauta ga wadda ta fi kyan adana. Mu kuwa, in ka cire irin Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, wadda ke gidan tarihi a Legas, da 'yan motocin da wasu fadoji suka killace, sauran 'yan gwangwan ne ke auna su a sikeli, kilo-kilo, a kai su a narke.

Ba hannu muka rasa ba. Fanel bitan Sabon Gari da zai miƙe motar da tirela ta murƙushe da guduma da wutar walda, ba abin da zai gagare shi a jikin MGB. Masu ɗinkin kushin na nan, dukawa na nan, ga cibiyar nazarin fata a Samaru. A kan hanyar Basawa ɗin nan Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa take tun 1986, ga sashen injiniya na jami'a a maƙwabta. Abin da muka rasa biyu ne: haƙurin yin aiki a inda ido ba ya gani, da al'adar rubuta abin da aka yi. Bakanikenmu ya saba da mai mota da ke tsaye a kansa yana cewa a lallaɓa kawai ta tashi, ya saba da wanda ke biyan kuɗin sheƙi ba ya biyan kuɗin ƙarko. Ranar da aka samu masu biyan aikin ɓoye, masu neman hoto da rasiɗi, za a samu masu yin sa. Lokaci kuma ba ya jira, domin dattawan da ke saita kafireto da kunne suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaransu kuwa kwamfuta suke jonawa ta faɗa musu ciwon mota.

Saboda haka in ka tsaya gaban 'yar jar motar nan, ka nemi abu uku wurin dillali: takardunta, hotunan aikin da aka yi mata, da izinin kwantawa ƙarƙashinta da mayen ƙarfe a hannu. In ya kawo su fuska a sake, ku zauna ku yi ciniki, ka biya la'ada da daɗin rai. In ya fara rantse-rantse yana nuna maka ƙyallin fenti, ka yi masa fatan alheri ka kama hanyarka.

In ka isa gida kuma, ka zaga bayan ɗaki. Fijo 504 ɗin nan ta Baba, 'yar Kaduna, wadda ta kai ku makaranta, ta kai amaren gidan ɗakunansu, wadda ke kan duwatsu kaji na ƙwai a kujerar baya, ita ma ta haura shekara 40. Kafin mai sikeli ya ƙwanƙwasa ƙofa, ɗaga bonet ɗin ka duba.